Labarin mutanen da ba su bar rubutu ba: tushen saɓanin masu karatu

A gonakin da ke kewaye da Gusau, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, wani lokaci garma ko fartanya kan turo wani ɗan dutse mai sulɓi, mai faɗin baki kamar ruwan gatari, wanda ake kira gatarin aradu. Abin da muka taso muna ji shi ne tsawa ce take jefo shi daga sama, shi ya sa wasu suke adana shi a cikin kayan magani. Ina yaro na taɓa ganin ɗaya a hannun kawuna, na tambaye shi ko da gaske daga sama ya faɗo, sai ya jujjuya shi a tafin hannunsa ya ce da ni: "Ɗana, haka muka ji daga manya, amma dubi bakinsa da kyau, wannan wasawa ce irin ta mai haƙuri." Bayan shekaru na karanta cewa masana kayan tarihi sun gaskata zaton kawu, domin hannun mutum ne ya sassaƙa irin waɗannan duwatsu ya goge su, tun mutanen wannan yanki ba su fara narka tama ba. Sai dai dutsen bai faɗi sunan wanda ya wasa shi ba, bai faɗi harshen da yake magana da shi ba, balle abin da yake tsoro idan dare ya yi.

Wannan giɓi shi ne gonar da wani rukuni na marubutan ƙagaggun labarai suke nomawa. Sukan ɗauki ƙashi da dutse da toka da masana suka tono, su yi musu jini da tsoka, su raɗa wa mutanen suna, su sa musu soyayya da kishi da yunwa, sannan su ja labarin juzu'i bayan juzu'i. Masu karanta irin waɗannan littattafai a Zamfara ba su da yawa. Ɗaliban jami'a ne da malaman makaranta da wasu ma'aikata da suka saba da karatun Ingilishi, waɗanda kan tsinci tsohon kwafi a wurin masu baza littattafan gwanjo ko su sauke shi a waya. Amma na lura duk inda biyu ko uku daga cikinsu suka haɗu a kan littafi ɗaya, da wuya su tashi da ra'ayi ɗaya. Wani zai ce ya ƙaru da ilmin da bai samu a aji ba, wani ya ce shirme ne da aka yi wa rigar kimiyya, wani kuma ya ce ya ajiye littafin tun a tsakiya saboda ya taɓa masa aƙida. A ganina duk suna da hujja, kuma saɓanin nasu ya samo asali ne daga yanayin wannan nau'in rubutu shi kansa.

Ya kamata a fara fayyace zamanin da ake magana a kai. Idan masana suka ce zamanin da ya gabaci tarihi, suna nufin lokacin da al'umma ba ta fara rubutu ba. Rubutu mafi tsufa da aka sani ya bayyana ne a ƙasar da ake kira Iraƙi a yau, shekara 5,000 da 'yan kai da suka wuce, alhali ƙasusuwan da aka tono a Jabal Irhud ta ƙasar Maroko, waɗanda masana suka danganta da jinsinmu, an ƙiyasta musu kimanin shekara 300,000. A wannan lissafi nasu, zamanin rubutu bai kai kashi 2 cikin 100 na zaman mutum a doron ƙasa ba. Kuma iyakar ba ɗaya ba ce a ko'ina. Masar ta shiga zamanin rubutu da wuri, mu kuwa a ƙasar Hausa rubutu ya zo mana ne tare da Musulunci, saboda haka abin da ya faru a Zamfara shekara 1,500 da suka wuce yana cikin wannan duhu, ko da yake a lokacin wasu ƙasashe sun daɗe da tara littattafai.

Bahaushe ya san alkawari iri biyu tsakanin mai ba da labari da mai saurare. Mai gatana, wadda a gabas ake ce wa tatsuniya, yana buɗewa da "ga ta nan, ga ta nanku", kuma idan ya kai ƙarshe yakan ce ba don gizo ba da ya yi ƙarya, wato ya sanar da kowa cewa kada a ɗora hukunci a kan abin da ya faɗa. Mai ba da tarihi kuwa, ko maroƙin fada ne mai jero sunayen sarakuna ko malami mai karanto abin da magabata suka rubuta, yana ɗaukar nauyin gaskiyar maganarsa, kuma idan ya yi kure akwai wanda zai gyara masa. Labarin zamanin dutse ya faɗo ne tsakanin waɗannan biyu. Marubucin yana nuna wa mai karatu taswira da sunayen kogunan da suke nan har gobe, yana gode wa masanan da ya yi hira da su, amma duk wata magana da ya sa a bakin mutanen labarin daga kansa ta fito. Mai karatu da ya shigo da kunnen gatana zai ji daɗinsa ya wuce. Wanda ya shigo da kunnen tarihi kuwa zai riƙa tsayawa a kowane shafi yana tambayar ina aka samo wannan.

Jerin littattafan da aka fi yin wannan gardama a kansu a duniya su ne na wata marubuciya 'yar Amurka, Jean Auel, wadda ta fitar da juzu'i shida tsakanin 1980 da 2011. Na farkon, The Clan of the Cave Bear, ya ba da labarin wata yarinya mai suna Ayla wadda girgizar ƙasa ta raba da iyayenta tana da shekara biyar, sai wata ƙabila ta mutanen da ake kira Niyandatal ta tsince ta ta raine ta. An gina labarin a Turai ta zamanin ƙanƙara, kimanin shekara 30,000 da suka wuce, ya fara daga gefen Baƙin Teku ya ƙare a kudu maso yammacin Faransa. Niyandatal kuwa wani jinsin mutanen da ne daban da namu, kuma suna ne da aka ɗauko daga wani kwari a Jamus, inda masu fasa dutse suka ci karo da ƙasusuwan wani mutum mai kaurin ƙashi da tudun gira a 1856.

Abu na farko da ke raba kan masu karatu shi ne yawan bayanin sana'a. Marubuciyar kan ɗauki shafuka tana kwatanta yadda ake jeme fata, da yadda ake ɓantare dutse har ya yi kaifi, da ganyen da ake jiƙawa don ciwon ciki, da yadda ake busar da nama don ajiya. Wasu wannan ne ya riƙe su. Na san wani malamin makaranta da ya taso a gidan majema, wanda ya ce mini wurin da ya fi yarda da littafin shi ne bayanin jima, domin ya ga an bi matakan aikin yadda mai sana'a zai bi su, kuma daga nan ya saki jiki da sauran. Wannan ya nuna wani abu muhimmi game da mai karatu na ƙasarmu. Bature da ke zaune a birni yana karanta waɗannan shafuka ne kamar labarin wata duniya, alhali ɗan Bungudu ko Ƙaura Namoda yana iya yiwuwa ya ga kakansa yana tayar da wuta da ƙyastu da ƙanƙara da audugar rimi, ya ga mafarauci yana bin sawu, ya harba majajjawa a gona don korar tsuntsaye. Irin wannan mai karatu alƙali ne mai wuyar ruɗi a fagen aikin hannu. Wasu kuma bayanin ne ya gundure su, suna cewa labari ya tsaya cik ana ta lissafa ciyayi, kuma wannan kuka ya ƙaru sosai a juzu'an baya.

Masu bin diddigin gaskiya su ne suka fi zafi, kuma a nan ne lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin ilmin da ake auna littafin da shi ba tsaye yake ba. A kogon Shanidar da ke arewacin Iraƙi, wani masani mai suna Ralph Solecki ya tono ƙasusuwan Niyandatal da dama daga shekarun 1950 zuwa 1960. Ɗaya daga cikinsu namiji ne da hannunsa ɗaya ya shanye, ya kuma samu mummunan rauni a gefen ido, amma ya rayu shekaru bayan haka, abin da ke nuna akwai masu ciyar da shi da kula da shi. A kan wannan mutum Auel ta gina dattijon bokan ƙabilar da ya riƙi Ayla, kuma mai karatu da ya san haka yakan ƙara girmama aikin. Amma a kogon dai an samu wani kabari mai ɗauke da ƙurar furanni, aka daɗe ana cewa da furanni aka binne mamacin, daga baya wasu masana suka kawo hujjar cewa ɓerayen daji ko ƙudan zuma ne suka shigo da ƙurar. Haka kuma Auel ta nuna Niyandatal a matsayin masu magana da hannu fiye da baki, bisa ra'ayin da ya yi ƙarfi a lokacin cewa maƙogwaronsu bai iya fitar da sautuka da yawa ba, sai ga shi a 1983 an tono wani ɗan ƙashin da ke riƙe tushen harshe a kogon Kebara na ƙasar Isra'ila, aka ga kusan iri ɗaya ne da namu. Ko lokacin da ta sa labarin ma ya motsa, domin sabon awo ya nuna Niyandatal sun ƙare kimanin shekara 40,000 da suka wuce.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai inda hasashenta ya riga masana. Ta sa Ayla ta haifi ɗa ruwa biyu, a lokacin da da yawa daga masana suke shakkar an taɓa samun haihuwa tsakanin jinsunan biyu. A 2010 ayarin wani masani ɗan ƙasar Sweden mai suna Svante Pääbo ya fitar da sakamakon binciken ƙwayoyin gado na Niyandatal, aka ga mutanen da asalinsu ba na Afirka ba ne suna ɗauke da kimanin kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na wannan gado, kuma aikin nasa ya kai shi ga lambar Nobel a 2022. Saboda haka mai karatu da ya yanke wa littafin hukuncin ƙarya a 1995 da wanda ya karanta shi a 2015 suna iya kallon shafi ɗaya su ga abu biyu. Ma'aunin da nake ganin ya fi adalci shi ne a tambayi ko marubuci ya yi amfani da abin da aka sani a zamaninsa da gaskiya, sannan ko abin da ya ƙara daga kansa ya ci karo da abin da ƙasa ta nuna. Wanda ya cike giɓi da abin da zai iya yiwuwa ya yi aikinsa. Wanda ya ture shaida don labari ya yi armashi ya ci amanar mai karatun da ya ba shi kunnen tarihi.

Da wannan ma'auni ne nake goyon bayan masu kuka da yadda aka tara wa Ayla kowace irin fasaha. Ita ce ta fara sabar da doki ta hau shi, ita ta raini ɗan zaki da ɗan kyarkeci, ita ta gano tayar da wuta ta hanyar buga dutse da dutse, ita ta ƙago allura mai ido, ta kuma ɗinke rauni. Shaidun sabar da doki da ake da su ba su wuce shekara 5,500 ba, daga Botai ta ƙasar Kazakistan, kuma kabarin da aka samu kusa da birnin Bon na Jamus, inda aka binne kare tare da mutum biyu, kimanin shekara 14,000 gare shi. Masu kare marubuciyar suna cewa dabara ce ta adabi, an dunƙule tafiyar dubban shekaru a cikin rayuwar mutum ɗaya don mai karatu ya gan ta da ido. Na fahimci wannan, amma abin da ya fi damuna ya wuce saɓanin shekaru. Duk wanda ya zauna a maƙera ko marina ya san sana'a ba ta sauka a kan mutum ɗaya dare ɗaya. Ɗa yana gadon uba, ya gyara ɗan abu kaɗan, jika ya zo ya ƙara nasa, a yi kure a sake, har a manta wanda ya fara. Labarin da ya mayar da ilmin al'umma baiwar gwarzo ɗaya ya koya wa mai karatu abin da ba haka yake ba game da yadda mutane suke ci gaba, ko da kuwa kowane dutse da ke cikinsa an kwatanta shi daidai.

Akwai kuma wani ƙorafi da mai karatu baƙar fata ya fi saurin ji a jikinsa. Yarinyar da ta fi kowa basira doguwa ce fara mai farin gashi da shuɗin ido, ƙabilar da ta raine ta kuwa gajeru ne masu duhun gashi waɗanda aka nuna ba sa iya karɓar sabon abu. Ko marubuciyar ba ta yi nufin komai ba, wanda ya karanta yadda Turawan mulkin mallaka suka riƙa kwatanta kakanninmu zai ji wani tsohon amo a ciki. Binciken baya-bayan nan ma bai goyi bayan wannan hoto ba. Ƙwarangwal ɗin da aka samu a kogon Cheddar na Ingila a 1903, mai kimanin shekara 10,000, an bincika ƙwayoyin gadonsa a 2018 aka ga alamar mai duhun fata ne da shuɗin ido. Idan mafaraucin Turai na shekara 10,000 haka yake, to zana na shekara 30,000 da farar fata zaɓi ne na marubuci, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya tambayi dalilin zaɓin.

Matsalar da ta fi kowace wuya, wadda kuma ba a cika tattauna ta ba, ita ce ta harshe. Dutse yana daɗewa, ƙashi yana daɗewa, magana kuwa tana mutuwa tare da mai ita. Marubuci dole ya sa mutanensa su yi magana, kuma duk hanyar da ya bi akwai mai kuka. Idan ya sa su suna gajerun kalmomi kamar masu koyon magana, ya mayar da su wawaye. Idan ya sa su suna zance kamar 'yan boko, sai a ce ya ɗauko mutanen yau ya ɗaura musu walki. William Golding na Ingila, a littafinsa The Inheritors na 1955, ya bi wata hanya mai wuya, ya ba da labarin ta idon Niyandatal ɗin kansa, har akwai inda aka ɗana wa mutumin baka aka harbo shi, shi kuwa abin da ya gani kawai sanda ce da ta lanƙwashe, sai kuma wani tsinke da ya bayyana a jikin itacen da ke kusa da shi, domin bai san kibiya ba. Wasu masu karatu suna ganin wannan shi ne ƙololuwar gwaninta, wasu kuma sun ce sun karanta shafin sau uku ba su gane abin da ya faru ba.

Wanda zai gwada irin wannan rubutu da Hausa zai ci karo da wannan matsala ta wata fuska da Bature bai sani ba. Kalmomin da muke tunani da su a kullum, irin su duniya da hankali da lokaci da lafiya da labari da zamani, duk daga Larabci muka aro su, haka sunayen ranakun mako da ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in. Mutumin da ya wasa gatarin aradu ba zai yi sallama irin tamu ba, ba zai rantse da irin rantsuwarmu ba, ba zai ce sai ranar Laraba ba. Marubuci ba zai iya tsame duk kalmomin aro ba, in ya yi haka ba mai fahimtarsa, amma yana iya komawa ga tsofaffin kalmomi inda suke, ya ce gomiya biyu, ya auna tafiya da kwana, ya auna shekara da damina. Haka abin yake a tukunya. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492, saboda haka marubucin da ya sa barkono a miyar mutanen zamanin dutse ya yi kuren da ya kai na sa musu agogo. Abin da zai ba su shi ne gero da dawa da wake da gujiya da kuka da ɗorawa da kaɗanya, kuma geron ma yana da mafari, domin ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun nomansa ta fito ne daga kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, kimanin shekara 4,500 da suka wuce.

Ba zai yiwu a yi wannan fashin baƙi a Zamfara a tsallake batun addini ba, domin shi ne dalilin da ya fi sa mutane ajiye irin waɗannan littattafai. Musulmi ya yi imani cewa Allah Ya halicci Annabi Adamu, Ya sanar da shi sunayen abubuwa dukkansu, kamar yadda ya zo a aya ta 31 ta Suratul Baƙara. Saboda haka hoton mutumin farko a matsayin dabba-dabba mai gurnani, wanda hankali ya zo masa da kaɗan-kaɗan, hoto ne da zuciyar mai karatu Musulmi take ƙi, kuma ban ga laifin wanda ya ce ba zai ci gaba ba. Wasu kuma suna karantawa suna tuna cewa aya ta 20 ta Suratul Ankabut ta yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta, kuma a Suratul Ma'ida an ba da labarin ɗan Adamu da ya koyi binne gawa daga hankaka, wanda ke nuna cewa akwai abubuwan rayuwa da mutane suka koya a hankali. Matsayin Niyandatal a cikin wannan tsari magana ce ta malamai, kuma ƙagaggen labari ba wurin ɗaukar aƙida ba ne. Abin da zan iya cewa shi ne littattafan da suka nuna mutanen da a matsayin cikakkun mutane masu tunani da tausayi sun fi kusa da abin da mai imani zai karɓa, kuma su ne suka fi dacewa da shaida. Wanda ya ga hotunan zakuna da dawakin da aka zana a kogon Chauvet na Faransa, wanda aka gano a 1994 kuma zanensa ya haura shekara 30,000, ba zai ce mai wannan hannu ba shi da hankali ba. Game da tsafi da bautar iskoki da ke cike da labaran kuwa, mai karatu na nan ya san kakanninsa ma sun yi irinsa a gindin duwatsu kafin zuwan Musulunci, kuma ba da labarin abu daban yake da kira zuwa gare shi.

Saura ƙorafi biyu da ba su buƙatar dogon bayani. Daga juzu'i na biyu littattafan Auel suna ɗauke da bayanin kwanciyar aure filla-filla, wanda ko a Amurka ya sa iyaye sun nemi a cire su daga ɗakunan karatu na makarantu, a wurinmu kuwa batsa ce kai tsaye, kuma ba littattafai ne da za a miƙa wa yaro ba. Sai kuma jira. Shekara 12 aka yi tsakanin juzu'i na huɗu da na biyar, aka ƙara 9 kafin na shida, kuma da ya fito masu karatu da yawa sun koka cewa yawon kallon koguna ya cinye shi, ba a kuma koma kan ɗan da Ayla ta bari a baya ba. Mai karanta littattafan Hausa da ake saki kashi-kashi a WhatsApp ya san wannan ciwo, na bin labari wata da watanni sannan marubuci ya gaji ya dunƙule ƙarshen.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusan duk wannan gardama muna yin ta ne a kan ƙanƙarar Turai da giwayenta masu gashi, alhali ƙasar da muke takawa tana da nata kayan labarin. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, kuma shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka. A lokacin da aka sassaƙa shi Sahara kore ce, cike da tafkuna. A Gobero da ke hamadar Tenere ta Nijar, wurin da aka gano a shekara ta 2000, an samu maƙabarta a bakin wani tafki da ya ƙafe, da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, da zagon kamun kifi na ƙashi, da wata yarinya da aka binne da awarwaron haƙorin dorina a damtse, da kuma wata mata da yara biyu da aka kwantar suna fuskantar juna hannuwansu a haɗe. A Dabous ta arewacin Agadas akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada a Argungu ya ga masunta sun faɗa ruwa da homa da gora suna kokawa da giwan ruwa, ya riga ya ga rabin abin da marubuci yake buƙata don ya raya mutanen Gobero.

A gida ma akwai. Kafin ruwan madatsar Kainji ya cika a 1968, masu tono sun samu mutum-mutumin gasasshen yumɓu a Yelwa ta ƙasar Yawuri, waɗanda shekarunsu suka kama daga ƙarnonin farko na Miladiyya zuwa wajen ƙarni na 7. A Dutsi ta ƙasar Zurmi akwai dogayen kaburbura da ruwayar baka take cewa na sarakunan Zamfara na farko ne, waɗanda ake kwatanta su da samudawa. Sunan Kwatarkwashi kuwa, dutsen da duk mai shiga Gusau ta hanyar Funtuwa yake gani, ya shiga bakin dillalan kayan tarihi na Turai saboda mutum-mutumin yumɓu da aka riƙa haƙowa a wannan yanki ana fitarwa ta ɓarauniyar hanya, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa irin waɗannan kaya na yankunan Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin waɗanda ake gargaɗi a kan sayensu a shekara ta 2000. Auel ta iya gina dattijonta ne saboda an tono Shanidar a tsanake, an rubuta zurfin kowane ƙashi da abin da ke kusa da shi. Mutum-mutumin da aka fizge daga rami da dare ya rabu da gawayin da za a auna shekarunsa da shi, da ɓallin tukunyar da ke gefensa, da ƙwayar hatsin da za ta faɗi abin da masu shi suke ci, da shaidar ko a kabari yake ko a ɗaki. Marubucin Zamfara da zai so ya ba da labarin waɗanda suka gina shi zai tarar da hotonsa a kundin gwanjo na wata ƙasa, ramin da ya fito kuwa ruwan damina ya daɗe da cike shi.